Tafiyata Ankara Da Wayar Da Ta Ƙi Tashi

Ina roƙon Edita ya ba ni fili in ba ku labarin wata 'yar tafiya da na yi daga Kumasi zuwa Ankara, da abin da ya same ni a hanya, da wani wuri da na shiga wanda yawancin dattawanmu ke wucewa ta bakinsa a mota, ba su taɓa leƙawa ba. Na ga ya kamata in rubuta, gama abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, ga shi kuwa yau ba wani a cikinmu da ba shi da waya a aljihun rigarsa.

Dalilin Tafiya

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi shekara fiye da hamsin a Nima yana cinikin hatsi da albasa. Bara Allah Ya karɓi abinSa. Ana sauran kamar mako biyu ya cika, da ya ji jiki ya ƙi, sai ya riƙa aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp, ko wane dare ɗaya ko biyu, har suka kai goma sha ɗaya. A ciki ya faɗi mutum huɗu da ke binsa bashi, da mutum bakwai da shi ya ke bi, ko wane da adadinsa. Ya kuma faɗi wata ajiya da wata tsohuwa ta ba shi, kuɗin da ta ke tarawa don aikin Hajji, wadda ko iyalinsa ba su san da ita ba. Ya ce, "Ƙanena, na ɗora maka. Kada a raba kome sai an sauke wannan."

Kun dai san irin cinikinmu, baki da baki ne, ba takarda. Wayarsa kuwa a kulle ta ke da lambar da ba wanda ya sani, sai shi. Watau ke nan duk duniya ba inda maganan nan ta ke sai cikin tawa wayar. Da magada suka sa ranar zama, wata Alhamis, sai na shirya, na ce zan je in kunna musu su ji da kunnensu a gaban malam, don kada gobe wani ya ce ƙanen uba ya ƙara ko ya rage.

A Hanya

Ran Talata da sassafe na shiga babbar mota a tashar Asafo. Daga Kumasi zuwa Ankara wajen kilomita 250 ne. Zuwana na fari, ina yaro, a jirgin ƙasa muka tafi ni da mahaifinmu, bisa hanyar dogon da Turawa suka gama shimfiɗawa a 1923. Yanzu ba jirgin fasinja da ke bin wannan hanya har Kumasi, sai mota, sai kuwa jirgin sama ga mai hali.

Muka wuce Ejisu, garin Yaa Asantewaa wadda ta ja Tonawa suka yaƙi Turawan Ingila a 1900. Muka wuce Konongo, garin zinariya. Ko ina gonakin koko da ayaba da rogo, kore shar. Da muka doshi Nkawkaw, duwatsun Kwahu suka tsaya mana a hagu kamar ganuwa, sai na ce bari in kira ɗan wana in gaya masa inda mu ke. Na zaro waya, na gan ta a mace. Na danna makunni, ta yi 'yar girgiza, ta nuna tambarin kamfanin da ya ƙera ta, shi ke nan ta tsaya nan. Na jira minti biyar, na jira goma, tambari na kallona ina kallonsa. Can ta mutu don kanta, ta sake tasowa, ta sake cijewa a wuri ɗaya.

Jama'a, na yi hasara a kasuwa ba sau ɗaya ba, na taɓa ganin goro huhu guda ya ruɓe a hannuna, amma ban taɓa jin gabana ya faɗi kamar ran nan ba. Muka wuce Suhum, muka wuce Nsawam inda mata ke bin mota da burodi, ban sayi ko ɗaya ba, ni da ba na wucewa sai na yi wa yara tsaraba. Ina ta ƙoƙarin tuna adadin da marigayi ya faɗa, sai in ga na tuna sunan mutum, kuɗin ya ɓace mini.

Sakul

Bayan la'asar muka sauka a shatale-talen Kwame Nkrumah, wanda kowa ke kira Sakul. Wanda ya rabu da wurin nan tun da daɗewa ba zai gane shi ba. An rushe tsohon shatale-talen, an gina gadoji bisa gadoji, waɗanda Shugaba John Mahama ya buɗe a Nuwamba 1916 ba, a'a, 2016, kun ji tsufa. Akwai gunkin Nkrumah a tsaye, da fitilu, har samari suka laƙaba wa wurin Dubai. A gefe kuwa ga kogin Odaw, baƙi ƙirin, yana tafe da shara zuwa teku. Nan ne aka yi babbar masifa a daren 3 ga Yuni 2015, sa'ad da ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai inda mutane suka fake wa ruwa, aka rasa rai fiye da 150. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Ina sa ƙafa ƙasa, waya a hannu, sai ga wani saurayi ya tare ni. Ya dubi fuskar wayar ya ce, "Alhaji, wannan ƙaramin aiki ne, filashin za a yi mata. Kawo, minti ashirin." Har na miƙa hannu, sai ɗan wana ya iso yana haki, ya riƙe mini hannun riga, ya ce, "Baba, kada ka ba shi! In aka yi mata filashin, duk abin da ke ciki ya tafi." Saurayin nan bai yi musu ba, ya ce ai waya za ta tashi. Gaskiya ya faɗa, za ta tashi, amma fayau kamar allon da aka wanke. Tsakanina da zubar da amanar ɗan'uwana bai fi taƙi ɗaya ba.

Muka shiga tirotiro zuwa Nima. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da asuba muka yi salla, aka kawo koko da ƙosai, na sha don kada a ce ban sha ba. Laraba ce, ranar kasuwar Nima, titi ya cika da buhunan masara da gero da albasa, har rumfar marigayi na hango, wani yaro na zaune a bakinta. Muka ratsa, muka koma Sakul.

Layin Tip Toe

Layin nan yana gab da gadojin, ta wajen Kokomlemle. Sunan wani gidan rawa ne da aka yi a wurin a zamanin da, gidan ya shuɗe, suna ya zauna. Yau kasuwar waya ce, wadda duk Ankara aka san ta. Na shiga Kejetia tun ina yaro, na san cunkoso, amma wannan dabam ne, domin hajar duka iri ɗaya ce. Shago bisa shago, bene da ƙasa, akwatunan gilashi cike da Tecno da Infinix da itel da Samsung da iPhone, sababbi da na hannu. Ukun farko duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. A bakin titi kuma ga masu tebur da laima, wannan na sayad da caja, wannan riga, wannan gilashin kare fuska, wancan abin sawa a kunne. Waɗansu ba su da tebur ma, waya biyu a hannu, suna yi maka tsaki in ka wuce. Lasifika na kuka ta ko wace kusurwa. Kana jin Tonanci, da Ga, da Turanci, da Ibo, da Yarabanci, da Zabarmanci, da Hausa irin tamu ta zango.

Baƙi suna da yawa a wannan kasuwa, musamman mutanen Nijeriya, kuma zaman bai rasa tsamarsa ba. A ƙarshen 2019 an yi rikici, 'yan ƙungiyar 'yan kasuwar Ghana suka kulle shagunan baƙi da dama, suna kafa hujja da dokar 2013 wadda ta keɓe ƙananan ciniki ga 'yan ƙasa. Mu da muka ga 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fita, muka ga maƙwabta suna sayad da gado da tukunya a wulaƙance, muka kuma ga 1983 da Nijeriya ta koro mutanen Ghana, mun san ɗacin irin wannan. Allah Ya kiyaye gaba.

Ɗan wana ya ja ni ta wani lungu, muka hau bene, muka shiga wani ɗan ɗaki da bai fi rumfar mai goro ba. Mai wurin saurayi ne ɗan zango, daga arewa iyayensa suka zo. Da ya ga furfura sai ya miƙe, ya rusuna ya gaishe ni, ya sa yaronsa ya ba ni kujera. A kan teburinsa akwai madubin ƙara girma mai ido biyu, da na'ura mai hura iska mai zafi, da ƙarfen dalma, da 'yan sukudireba sirara kamar allura, da kwamfuta, da wani akwati mai lambobi ja da ke ba da wuta a aune. Wayoyi kuwa jere, ko wace da takarda manne a bayanta.

Abin da ya fara burge ni, bai karɓi wayar ba sai da ya yi mini tambaya kamar likita. "Baba Alhaji, shekararta nawa? Ta faɗi ƙasa? Ta sha ruwa? Kwanan nan ta ce za ta sabunta kanta, ka yarda? Tana zafi? Caji na saurin ƙarewa?" Na ce shekara huɗu ke nan da 'yata ta saya mini, ba ta faɗi ba, ba ta sha ruwa ba, amma tun azumi in na cika ta da safe, kafin azahar ta yi ƙasa. Ya kaɗa kai. Sa'an nan ya ce, "Wanne ka fi so, wayar ko abin da ke cikinta?" Na ba shi labari duka. Ya yi shiru, ya ce, "Allah Ya jiƙansa. To, a hankali za mu bi ta, daga abin da ba ya ɓarna. Cire layinka ka sa a aljihu. Kuma kada ka gaya mini lambar momonka, ni ko wani."

Yadda Waya Ke Tashi

Yana aiki yana yi mini bayani, ni kuwa da na saurara sai na ga ai labarin ayari ne. Kakanninmu da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, kafin yaƙin 1892 ya watse kasuwar Salaga, in za su tashi daga zango da asuba, ba a tashi gaba ɗaya. Madugu ya farka tukuna, ya tabbata lafiya, jagaba ya shige gaba, sa'an nan a yi wa jakuna lafta, sa'an nan 'yan alaro su bi. In jaki ɗaya ya kwanta a bakin hanya, ko igiya ta tsinke, duk ayari sai ya tsaya.

Haka waya. In ka danna makunni, akwai wata 'yar manhaja da ke fara farkawa, ita ke nuna tambarin nan, ta duba ko babbar manhajar da ke tafi da wayar, watau Android ta kamfanin Google, tana nan daidai ba a taɓa ta ba. In ta gamsu, sai ta tashe ta, ita kuma ta tashi sauran, su WhatsApp da Facebook da makamantansu. In ka ga waya ta daskare a kan tambari, wani abu ne ya kwanta a hanya. Ya lissafa mini abubuwan da suka fi jawo haka: batir ya tsufa, ma'ajiyar waya ta cika maƙil har ba ta da wurin juyawa, an katse ta tana tsakiyar sabunta kanta, an sa mata wata manhaja marar kyau, katin memori ya lalace, makunni ya maƙale a ciki, ruwa ya shiga, ko kuwa ƙwaƙwalwar ajiyar da ke manne a allon ciki ta gaji. Na ƙarshen nan shi ne mafi muni.

Ga matakan da ya bi, na sa ɗan wana ya rubuta mini su a bayan ambulan. Huɗun farko kowa na iya yi a gida.

Na fari, ya danne makunni tare da maɓallin rage sauti, ya riƙe wajen daƙiƙa ashirin, har wayar ta mutu dole ta sake tashi. Ya ce sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Tawa ta koma gidan jiya.

Na biyu, ya sa ta a caja mai kyau, ya bar ta rabin sa'a bai taɓa ba, domin wani lokaci yunwa ce kawai, ko kuwa cajar gida ce ta lalace. Muna jira aka kawo mini shayi. Ya gwada, ba labari.

Na uku, ya zare katin memori, ya kunna ta ba kati ba layi. Kati ɗaya da ya lalace yana iya riƙe waya duka. Nan ma shiru.

Na huɗu, ya nemi ya tashe ta ta hanyar da su ke kira sef mod, watau ta tashi da manhajojin da ta zo da su kaɗai, ta bar duk waɗanda aka sa mata daga baya. A wayoyi da yawa, in tambari ya fito sai ka danne maɓallin rage sauti har ta gama buɗewa. In ta tashi ta haka, ka san mai laifin yana cikin abin da ka sa, sai ka cire na baya-bayan nan. Tawa ta ƙi.

Na biyar, ya kashe ta, ya danne makunni da maɓallin ƙara sauti, sai ga wani baƙin shafi da ƙananan rubutun Turanci, wanda su ke kira rikabari. Nan ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Baba, nan ne mutane ke yanka kansu." Ya nuna mini layi biyu kusa da juna. Ɗaya na share tarkacen wucin gadi ne, ba ya taɓa hoto ko saƙo, ko da ya ke ba ko wace waya ke da shi ba. Ɗayan kuwa shi ke mai da waya yadda ta fito daga kamfani, ya share kome da kome. Wayoyin yanzu kuma a kulle su ke ajiye abin da ke cikinsu, in an share, mabuɗin ya tafi, ba gwanin da zai komo da shi. Bayan haka ma sai wayar ta nemi adireshin Google da kalmar sirrin da aka buɗe ta da su tun farko, in ba ka sani ba ta ƙi ka, kai mai ita. Dattawa nawa ne a cikinmu suka san nasu? Yawancinmu yaro ne ya buɗe mana a shago, ya tafi abinsa. Ya share tarkacen kaɗai, ya kunna. Tambari ya fito, ya tsaya.

Filashin kuwa, in ji shi, shi ne a haɗa waya da kwamfuta a sake zuba mata babbar manhajar daga tushe. Magani ne na gaske in manhajar ce ta lalace, amma galibi yana tafiya da kayan ciki, sabo da haka shi ne na ƙarshe, bayan mai waya ya sani ya kuma yarda. Masu iPhone su ma suna da nasu: a danna ƙara sauti a saki, a danna rage sauti a saki, a riƙe maɓallin gefe har tambari ya fito. In sai an kai ta ga kwamfuta, a zaɓi sabuntawa tukuna, kada a fara da sharewa.

Aka kira azahar, muka sauka muka yi salla a wani ɗan masallaci a bayan shagunan, inda na ga masu gyara da masu sayarwa da 'yan dako sahu ɗaya. Na roƙi Allah abin da na roƙa.

Da muka komo ya ce saura abu ɗaya kafin a yi maganar filashin. Ya ɗora wayar a kan tebur, ya ce in duba. Ashe ba ta kwanta daidai ba, bayanta ya ɗan tasa, ni ban lura ba sabo da rigar da ke jikinta. Ya gasa gefen da iska mai ɗumi har gam ya saki, ya ɓanɓare murfin a hankali, sai ga batir ya kumbura kamar ƙosai. Ya ce irin wannan batir ƙarfinsa na raguwa da yawan caji da zafi, bayan shekara biyu ko uku sai ya fara gazawa. Lokacin tashi kuwa waya na jan wuta da yawa, sai tsohon batir ya kasa ɗauka, ta kai tambari ta sare, kamar tsohon jaki da ke iya tsayuwa amma ba ya iya tashi da kaya. Ya gargaɗe ni, batirin da ya kumbura kada a matsa shi, kada a huda shi, kada a ci gaba da cajinsa, gama yana kama wuta.

Ya cire igiyar batirin, ya haɗa wayar da akwatin nan mai jan lambobi, ya kunna. Tambari ya fito. Na ƙidaya a zuci, ɗaya, biyu, har goma sha. Sai tambari ya gushe, hoton jikokina ya bayyana. Ɗan wana ya yi kabbara har na shagon kusa suka leƙo.

Mai gyara ya ce, "Baba, kada mu yi murna tukuna. Buɗe da hannunka, mu fid da amanar nan yanzu." Na buɗe, na nemo sunan marigayi, na taɓa saƙon fari. Muryarsa ta fito a cikin ɗan ɗakin nan, da tarinsa, da yadda ya ke jan sunana. Ɗansa ya juya ya fuskanci bango. Ni ma dai ban ga kome sosai ba na ɗan lokaci. Nan take muka tura saƙo goma sha ɗayan nan zuwa wayar ɗan wana, da ta ƙanwarsa, da ta 'yata a Kumasi.

Sa'an nan ya sa sabon batir. Ya kuma nuna mini ma'ajiyar wayar saura ƙiris ta cika, ya ce ko batir bai kashe ta ba, wannan na nan tafe. Me ya cika ta? Hotunan barka da Juma'a, da bidiyon wa'azi, da na biki, waɗanda ku jama'a ku ke aiko mini dare da rana a zaurukan WhatsApp, ko wane sau biyar. Muka share fiye da rabi. Ya kunna mini ajiyar WhatsApp a Google, wadda ashe tun da aka sayi wayar ba a taɓa kunnawa ba, ya sa aka sake mini kalmar sirri, na rubuta a takarda da hannuna. Ya faɗi kuɗinsa, na taya don kada a ce ɗan kasuwa ya manta sana'a, muka daidaita, na ƙara masa goro, na sa masa albarka.

Ran Alhamis

Aka zauna a zauren marigayi bayan la'asar, malam da magada da dattawan unguwa. Aka kunna saƙon ɗaya bayan ɗaya, malam na rubutawa, shaidu biyu suka sa hannu. Cikin masu binsa bashi har da wani Bazabarme mai albasa wanda bai zo ya faɗa ba, don kunya. Tsohuwan nan kuwa, da aka aika aka kira ta, ta ce ita ta riga ta sallama, gama ba ta da shaida, ba ta kuwa so ta tada maganar kuɗi a gidan makoki. Aka ƙirga mata abinta cif. Ran Juma'a na yi salla a babban masallacin ƙasa na Kanda, wanda aka buɗe a 2021 da taimakon mutanen Turkiyya, Asabar na kamo hanya. A Nsawam na sayi burodi har uku.

Abin Da Na Ƙaru Da Shi

To, 'yan'uwana, ga 'yar tsarabata. In wayarka ta cije a kan tambari, kada ka firgita, kada kuma ka miƙa wa na bakin titi. Bi matakai huɗun nan a gida. In ba ta tashi ba, tafi da yaron da ka amince da shi wurin mai shago zaunanne, a nan Kumasi ma akwai su a Adum. Kafin ya taɓa, gaya masa abin da ke ciki, ka ce kada a share, kada a yi filashin sai da izninka. Cire layinka da katinka. Kuɗin momo ba a cikin waya su ke ba, suna wurin kamfanin layi ne a kan lambarka, ko waya ta mutu suna nan, muddin layi da lambar sirri na hannunka. Kada ka bar ma'ajiya ta cika. In waya za ta sabunta kanta, a sa ta a caji, a bar ta ta gama. In ka ga bayanta ya tasa, a sake batir tun da wuri. A kunna ajiyar saƙonni, a rubuta kalmar sirrin Google a ɓoye inda a ke ɓoye takardar gida.

Babban abin kuwa, ku 'yan kasuwa, a rubuta bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan wannan ta sauka, tun ba a san waya ba. Tun da wayar hannu ta shigo Ghana a 1992 muka riƙa zuba mata abin da a da mu ke riƙewa a ka ko a littafi, har ta zama ita ce shaidarmu, alhali ranta na rataye da batir ɗan shekara uku. Ni dai da na komo gida na sayi littafi mai bango, na zauna da 'yata, muka rubuta wanda ke bina da wanda na ke bi, na kuma nuna wa iyali inda ya ke.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da kyau, ba da nauyin kowa a wuyanmu ba. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon ɗan kasuwar goro, Zangon Kumasi.